Farin Hayaki a Gidan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Makka ba, ranar da na aurar da gwaggona ba tare da ita kanta ta san an zo neman aurenta ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, daga nan kuma dariya ta ƙwace mini ni kaɗai.

A shekarar 2013 ne, shekarata ta farko a can. Na samu gurbin karatun addini, amma kafin a bar ka ka shiga ajin manya sai ka fara zama a sashen koyon Larabci, kana maimaita "wannan littafi ne, wancan alƙalami ne" kamar ɗan firamare. Ni kuwa daga Kano na taho da girman kaina a cikin jaka. Na sauke 'yan littattafai a zauren malaminmu, na haddace ƙa'idojin nahawu, a unguwarmu har Ustaz ake kirana. Sai da na tsaya gaban mai gasa burodi na zuba masa Larabcin littafi, ya saki baki yana kallona, sannan na gane akwai sauran aiki a gabana. (Ban gane sosai ba, kamar yadda za ku gani.)

Wadda ta rage mini kewar gida ita ce Gwaggo Halima. Kakanta da kakan mahaifina 'yan uwa ne. Nata ya tafi aikin Hajji a ƙasa tun zamanin da ake shafe shekaru a hanya, ya isa, ya zauna, bai sake komawa ba. A Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin cikin birni ce, sai dai ta yayyafa mata Larabci. Gidanta yana unguwar Nakkasa, a jikin dutse, sai ka bi lunguna ka yi ta hawan matakala har gwiwarka ta fara rawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ranar da na fara zuwa na miƙa mata ƙullin kuka da daddawa da mahaifiyata ta ba ni, ta shinshina daddawar, idanunta suka ciko. Nan take ta ce daga yau duk Alhamis tuwona yana gidan. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutun ƙarshen mako.

Sai in yi kwana shida ina cin shinkafar ɗalibai ina jiran ranar. Amma gaskiya abin da na fi nema a gidan ba a kwano yake ba. So nake a ɗauke ni ɗan gida. Duk kirkinsu, akwai wani labule tsakanina da su. Sai su yi ta hira da Larabcin Makka mai gudu, su ƙyalƙyale da dariya, sannan a juyo gare ni cikin ladabi a ce, "Ka ƙoshi, ya Ustaz?" Ni ake fara zuba wa abinci, ni ake ba matashin da ya fi laushi. Wannan karramawa tana yi mini ciwo, domin baƙo ake yi wa ita.

Gwaggo tana da ɗa mai suna Faisal, sa'ana ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jidda, sai ƙarshen mako yake dawowa. Larabci ne harshensa, Hausarsa guntu-guntu ce. Tun haɗuwarmu ta farko muka yi yarjejeniya: shi zai riƙa yi mini Hausa don tasa ta miƙe, ni in riƙa yi masa Larabci don nawa ya miƙe. Wato kowa ya ɗauki harshen da bai iya ba yana tafiya da shi. A lokacin gani muke mun yi dabara.

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya sani, wanda ni ban sani ba. A watannin nan ne Fafaroma, shugaban mabiya ɗariƙar Katolika na duniya, ya ajiye muƙaminsa saboda tsufa, aka shiga shirin zaɓen wani. Na ji labarin saukarsa a rediyo, har na yi musu a kai da abokan ɗakina, sannan jarrabawa ta matso na jefa rediyon a akwati. Yadda ake zaɓen kuwa ban taɓa ji ba. Kuma Larabawa ba su san wata kalma Fafaroma ba. Su "Baba" suke ce masa. Wannan ba ta cikin littafin nahawuna.

Wata Alhamis bayan mun ci tuwo, muna shan shayi ni da Faisal a falo, yana ta latsa wayarsa, sai ya ɗago ya ce, "Ya Ustaz, ka sani? Mako mai zuwa za a samu sabon Baba."

Shayin ya kusa fitowa ta hancina. Na ce, "Sabon wa?"

"Baba. Na da khalas, ya tafi. Kujera ba ta zama haka, lazim a sa wani."

Na juya a hankali na kalli ƙofar kicin. Ina jin Gwaggo tana ɗauraye kwanuka tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin na tuna na ga lalle a hannunta da ta miƙo mini ruwa. Na tuna an canza labulen falon. Cikin ƙiftawar ido komai ya haɗu a kaina, ya zauna daram.

Na rage murya na ce, "An sanar da mutane?"

"Kowa ya sani, wallah. Kai ne kawai ba ka sani ba?"

Wannan magana ta soke ni. Na haɗiye, na ce, "To, wa aka ba?"

"Ba wanda ya sani. Tsofaffi za su shiga ɗaki, a kulle su da mabuɗi. Ba waya, ba fita, sai sun zaɓi ɗaya a cikinsu."

"A cikinsu?"

"Aiwa. In sun daidaita sai a ga farin hayaki. In baƙi ya fito, to ba a samu ba, a sake zama."

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa malami ne, sai na yi wa kaina bayani. Na ce ai ko a gida dattawa ne ke zama a kan maganar aure, kullewar ce kawai sabuwa, kuma kowace ƙasa da al'adarta. Farin hayaki kuwa ai a bayyane yake, turaren wuta ne, wanda mutanen Makka ba sa yin wani sha'ani sai da shi. Baƙin hayaki, wato turaren ya ƙone, alamar magana ba ta yi daɗi ba. Har na ji al'adar ta burge ni. Abin da ya ɗaure mini kai kawai shi ne yadda Faisal ke maganar auren mahaifiyarsa yana miƙe da ƙafa yana taunar biskit. Na ce zama cikin Larabawa ne, kunya ta ragu. Ni kuwa kunyar ce ta hana ni ambatar kalmar aure ko sunan Gwaggo, don ba a haka aka raine ni ba.

Na dai daure na ce, "Kai wa kake so a zaɓa?"

Ya gyara zama. "Ni? Baƙi irinmu, daga Afirka. Amma abokan aikina mutanen Filifin suna ta addu'a ya zama nasu. Akwai wata nas, miskina, har azumi take yi a kan abin."

Na ce a raina, mutanen Filifin kuma? Har can neman ya kai? Amma na tuna ina ganin alhazansu a Harami, mutane ne masu ladabi. Kuma na ji daɗi ƙwarai da Faisal ya samu abokan aiki masu damuwa da lamarin gidansu haka.

Ya ci gaba da cewa, "Ni dai ko wane ne, ya zama mai son zaman lafiya da mu. Ya ji tausayin talakawa. Kada ya zo da girman kai, ya zauna a kujera yana ba da umarni. An gaji da faɗa, ya Ustaz."

Na kama hannunsa na ce, "Amin, ɗan uwana. Allah ya ba ku nagari." Ya dube ni da ɗan mamaki ya ce, "Ya ba su dai," amma na ɗauka rashin iya Hausa ne, har na gyara masa.

A ɗakin kwana na kasa riƙe abin a cikina, na gaya wa Malam Sani, wani Basakkwace da ya riga ni zuwa da shekaru. Saboda in rufa wa dangi asiri ban faɗa masa batun kulle tsofaffi da hayaki ba (da na faɗa, da wannan labari bai samu ba). Cewa kawai na yi gwaggona za ta yi aure kuma ba a sanar da ni ba.

Ya ce, "Awo? Wa ya gaya maka?"

"Ɗanta, da bakinsa."

"To ka bari ita ta gaya maka da nata. Wanga irin zance ba a yi mai gaggawa."

Na ce to, amma ban ji ba. Mako guda na yi ina saƙa da warwara. Ina zaune ina haddar fi'ilai, zuciyata tana Nakkasa. Ashe har yanzu matsayina bai kai a kira ni gefe a ce ga abin da ake ciki ba. Nas ɗin Filifin ta sani, ni ban sani ba! Daga ƙarshe na yanke shawara: ɗa ba ya jiran gayyata. Zan je in tsaya a matsayin dangin amarya daga Kano, in yi abin da ya kamata, su gani da idonsu.

Ranar Alhamis da safe Faisal ya bugo waya, muryarsa cike da zumuɗi. "Farin hayaki, ya Ustaz! Jiya ya fito! An samu!"

Na ce, "Alhamdu lillahi! Ɗan Afirkan ne?"

"La, ba namu ba, ba na Filifin ba. Daga nesa ya zo, nesa marra. Tsoho ne, ya wuce saba'in. Amma mutumin kirki, wallah. Wai motar haya yake hawa kamar kowa, wai da kansa yake dafa abincinsa."

"Iyalinsa fa?"

Ya yi dariya. "Wane iyali? Bai taɓa aure ba!"

Ya wuce saba'in, tuzuru, yana dafa wa kansa. Hankalina bai kwanta ba, amma dattawa sun riga sun yanke. Faisal ya ƙara da cewa, "Yalla, ka zo da wuri, za ka gan shi."

Na buɗe akwati na ciro kaftanina na Salla da wata hula da na ɓoye tun daga gida, ɗinkin hannu, ban taɓa sa ta ba. Ita ce kyautar ango. Na biya kasuwa na sayi turaren wuta da kwalin alawa na amarya. A cikin tasi na tsara jawabina, na fara da Larabcin huɗuba, inda ya ƙare in cike da Hausa. Direban yana ta kallona ta madubi ina motsa baki ina ɗaga yatsa.

Tun daga matakalar ƙarshe na hango shi: hayaki fari tas yana fitowa ta ƙofar gidan, ƙamshi ya cika lungu. Na ce shi ke nan, magana ta tabbata.

Na yi sallama na shiga falo. Dattawa uku na tarar. Biyu maƙwabta ne, na san su. Na ukun baƙo ne, siriri, farin gemu, farar jallabiya, ga 'yar jakar tafiya a gefensa. Faisal ba ya nan, Gwaggo tana kicin. Na gaida maƙwabtan, sannan na matsa gaban baƙon na ce, "Sannu da zuwa. Yaya hanya?"

Ya amsa da Hausa irin ta Gwaggo. "Alhamdu lillah, ya waladi. Hanya da nisa. Da motar haya na zo, yanzu na sauka a tashar Kudai."

Motar haya. Na ji tausayinsa ya kama ni, na ji kuma ya kwanta mini a rai. Na durƙusa har ƙasa, na ciro hular, na ɗora masa a ka da hannuna. Ya yi murmushi yana shafa ta, yana cewa ma sha Allah. Sai na gyara murya. Larabcin da na tsara ya gudu tun a jimla ta biyu, don haka yawancin abin da Hausa na zuba shi, yadda kowa a ɗakin zai ji da kyau.

Na ce, "Baba, mabruk, alf mabruk. Ni ɗa ne a gidan nan, ko da yake ba a sanar da ni da wuri ba, amma ba komai. Mun ji an kulle ku. Mun ji an sha fama kafin a daidaita, Allah ya nufa kai ne. To Baba, muna da buri a kanka. Muna so ka zauna da mu lafiya. Ka zama mai tausayi. Kada ka hau kujera ka yi ta ba da umarni, don an gaji da faɗa."

Carbin ɗaya daga cikin maƙwabtan ya tsaya. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa shi, sai na ƙara ƙaimi.

"Batun dafa abinci da kanka kuwa, ka haƙura da shi, don Gwaggo ba ta son a taɓa mata tukunya. Mun kuma ji ba ka taɓa aure ba. Wannan ba abin kunya ba ne, Baba. Za ka saba. Mace ce mai haƙuri, amana ce muka ba ka, in ka riƙe ta da kyau mu 'yan Kano ba mu da wata magana."

Murmushin dattijon ya tafi a hankali. Ya dubi maƙwabtan, ya dube ni. Ya ce, "Ya waladi, wa ya kulle ni?"

"Ai dattawa, Baba. A ɗaki."

"Kuma ni ne ban taɓa aure ba? Jikokina sun cika mota! Wace ce ma kuka ba ni?"

Na ce, "Gwaggo Halima mana. Amaryarka."

Ya zabura har hular ta karkace. "Halima? A'uzu billahi! Halima ƙanwata ce, ciki ɗaya!"

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Da na waiwaya, ga Faisal a bakin ƙofa riƙe da faranti, ga Gwaggo a bayansa da ludayi a hannu. Ashe yayanta ne da ke zaune can arewacin ƙasar ya zo Umara, shi aka turara wa gida, shi aka canza wa labule. Su Gwaggo kuwa, tun daga "mun ji an kulle ku" suke tsaye.

Gwaggo ta ce, "Ya Ustaz, wa ya ce maka aure zan yi?"

Na nuna Faisal. "Shi ya ce an samu sabon Baba. Ya ce farin hayaki ya fito."

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Faisal. Ya ajiye farantin a hankali don kada ya zubar, kafaɗunsa suna girgiza. Ya lallaɓa ya kunna talabijin, ya nemo tashar labarai. Sai ga wani dattijon Bature cikin fararen kaya, tsaye a baranda yana ɗaga wa dubban mutane hannu, aka kuma nuno wani siririn bututu a kan rufi yana fitar da hayaki fari. A ƙasan hoton an rubuta kalmar "Baba" da manyan baƙaƙe, ba wasalin da ban iya karantawa ba.

Faisal ya ce da ƙyar, "Ga Baba, ya Ustaz."

Na ce, "Fafaroma!"

Gwaggo ta ce, "Fafa wa?"

Daga nan falon ya fashe. Maƙwabcin mai carbi ya kwanta a kan matashi yana tari. Faisal ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Yayan Gwaggo, da hulata a karkace a kansa, yana share hawaye yana maimaita, "Za ka saba, wai za ka saba!" Gwaggo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta rufe baki da gefen mayafi ta koma kicin, kuma wannan ne ya fi kashe ni. Na miƙe na ce ban yi azahar ba (alhali tun a masallacin kasuwa na yi ta), na zari takalmana, na gangara matakalar Nakkasa ba tare da na ji gwiwata ba.

Malam Sani ya yi dariya har sai da na yi fushi da shi, sannan ya koya mini abin da kowane yaro a Makka ya sani: su mahaifi "Abuya" suke cewa. Na tuna kuwa ban taɓa jin Faisal ya kira marigayin da Baba ba, ko sau ɗaya.

Alhamis ta zo ban je ba. Wata ta zo ban je ba. Faisal ya yi ta kira ina kifa wayar. Dariyar ba ta dame ni ba kamar shirun Gwaggo. Na tsaya a gaban yayanta da maƙwabtanta na yi wa dattijuwa maganar miji, matar da ta ciyar da ni don Allah. Na tabbatar wa kaina na rufe ƙofar da hannuna. In na wuce wani gida na ji ƙamshin turaren wuta sai in sauya hanya. Kewar gida da ta lafa ta dawo sabuwa, har da ta Nakkasa a kai.

Wata Alhamis da hantsi aka ce ana sallama da ni a waje. Na fita na ga Faisal jingine da motarsa. Ya ce, "Ummi na ciki."

Gwaggo tana fama da ciwon gwiwa, ba ta sauka daga dutsen nan sai da babban dalili. Na zagaya na durƙusa a gefen motar, kaina a ƙasa. Ta sauke gilashi. Ban taɓa ganin fuskarta a ɗaure haka ba.

Ta ce, "Kai, ja'iri. Ni za ka sa in yi ta ɗumama tuwo ina bayarwa?"

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, wallahi ban..."

"Uskut, rufe mini baki. Ka san abin da ya sa na koma kicin ranar? Kuka na je na yi. Tun da Abu Faisal ya rasu ba wanda ya taɓa tsayawa gaban wani namiji ya ce masa wannan amana ce, ka riƙe ta da kyau. Sai kai, da hularka da guntun Larabcinka." Ta share ido, sannan dariyar da ta riƙe tun ranar ta ƙwace mata. "Amma tuzuru, ya waladi? Duk mazan Makka, tuzuru ɗan saba'in ka samo mini?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba ni na zaɓa ba, dattawa ne."

Ta kai mini duka da mafici ta taga. Ta ce, "Baƙo ba ya aurar da mace. Wanda ya aurar da ni waliyyina ne, kuma waliyyi ba ya gudun gida. Shiga mota."

Na shiga. A hanya Faisal yana ba mu labarin abokan aikinsa, wai nas ɗin nan ta haƙura da rashin ɗan ƙasarsu, ta ce tunda mai son talakawa ne ya ishe ta. Yana ta lissafa abin da mutane ke jira daga sabon shugaban, ya gyara wannan, ya sasanta wancan, ya kusanci Musulmi. Gwaggo ta saurara har ya gama, ta ce, "Miskin. Tsoho ne, an ɗora masa kayan duniya. Allah ya ba shi ikon riƙe mutanensa da gaskiya." Sannan ta ƙara da cewa, "Ko ba komai ai mun kusa zama dangi."

A ranar, da muka isa gida, ba ni aka fara zuba wa ba. A ƙarshe aka miƙo mini kwanona, da faɗa a kai.

Yanzu an rushe wancan lungu, Gwaggo ta koma wani bene a unguwar Shisha, a can kuma Allah ya karɓi abarsa bayan na dawo gida. Ina kewarta ƙwarai. Na fito da takardar shaidar Larabci mai hatimi, ina ma koyar da shi, kuma darasin farko da nake ba ɗalibaina ba ya cikin manhaja: in ka ji an ce an samu sabon Baba, kafin ka durƙusa, ka daure ka tambaya, baban wa?